Yunwa a Bayan Gilashi

A yammacin tekun Fasifik, daga tsibiran Ryukyu na ƙasar Japan har zuwa Ostareliya, akwai wani ɗan kifi da tsawonsa bai cika wuce santimita 6 zuwa 7 ba, wato ko tsawon manuniyar babban mutum bai kai ba. Masana suna kiransa Synchiropus splendidus, 'yan kasuwa kuwa suna ce masa mandarin, domin zanen jikinsa ya yi kama da rigunan alharinin da manyan ma'aikatan fadar sarakunan Sin suke sawa a zamanin da. Wani masani Ba'amurke mai suna Albert Herre ne ya fara rubuta bayaninsa a ilmance a shekarar 1927, daga samfurin da aka samo a Filifin. Jikinsa shuɗi ne, an ratsa shi da layuka masu lanƙwasa na ruwan lemo da kore, sai ka ce aikin surfani a kan shadda. Shuɗin nan ma ba gama-gari ba ne. Yawancin shuɗin da ake gani a jikin tsuntsaye da kifaye wasan haske ne kawai, tsarin gashi ko na fata ne yake karya hasken ya mayar wa ido da shuɗi. Amma a 1995 wasu masana biyu 'yan Japan, Goda da Fujii, suka gano cewa mandarin da wani ɗan'uwansa na kusa suna da ainihin rini shuɗi a cikin ƙwayoyin fatarsu, abin da ya yi ƙaranci ƙwarai a tsakanin halittu masu ƙashin baya.

Wannan kyau shi ne ya jawo masa farin jini a wajen masu sha'awar ajiye kifayen teku a gida, musamman a Amurka da Turai da gabashin Asiya. Sukan haɗa akwatin gilashi, su cika shi da ruwan da aka narka wa gishiri wajen giram 35 a kowace lita, su riƙe ɗuminsa a tsakanin digiri 24 da 26, su jera duwatsu da murjani, har wurin ya zama kamar an yanko wani yanki na ƙasan teku an girke a falo. Tsofaffin hannu a wannan harka sun daɗe da sanin wani abu game da mandarin: sayensa ba wuya, raya shi ne aiki, kuma abin da ya fi kashe shi a cikin akwati yunwa ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yunwar nan ba a hannun mugaye take samunsa ba. Tana samunsa ne a hannun mutanen da suke ƙaunarsa, masu zuba abinci safe da yamma, masu tsayawa gaban gilashi suna yaba halittar Ubangiji.

Tambayata ke nan. Idan mutum ya tsare wata halitta saboda kyanta, ya ba ta abinci da zuciya ɗaya, sannan ta rame ta mutu a gabansa, yana da laifi ko ba shi da shi? Ni dai ina ganin yana da shi, kuma laifin ya riga ranar mutuwar faruwa da nisa.

Kafin a yanke hukunci sai an san yadda kifin yake ci. A muhallinsa yana zama a ruwa marar zurfi sosai, a wuraren da igiyar teku ba ta da ƙarfi, cikin rassan murjani da ɓaraguzansa. Ba gwanin ninƙaya ba ne; yawanci yana dogara fikafikansa na ƙasa a kan dutse yana ɗan tsalle-tsalle, kamar mai tafiya da gwiwa. Bakinsa ƙarami ne, yana miƙa shi gaba ya tsinci abu guda, ya matsa kaɗan, ya dudduba, ya sake tsinta. Haka yake wuni. Abin da yake tsinta kuwa wasu ƙananan ƙwarin ruwa ne 'yan dangin jatan lande, waɗanda ake kira kofifod, da yawansu ba su kai milimita 1 ba, tare da 'yan tsutsotsi da jariran dodon koɗi da ƙwan kifi. Wanda ya taɓa kallon kaza tana tono a bayan gida ya ga kwatankwacin wannan ci: ba a zauna wa akushi a tashi, loma ce ƙanana ba iyaka daga safe zuwa yamma. Kifin da aka kamo daga teku bai san cewa garin da ake barbaɗawa daga sama abinci ba ne. Wanda kuma aka yi sa'a ya gane, kafin ya gama duba loma ɗaya sauran kifaye masu zafin nama sun lashe komai.

A cikin akwati, ƙwarin nan suna zuwa ne a jikin duwatsu masu ramuka da ake kira dutse mai rai, su hayayyafa a cikinsu da cikin yashi. Idan akwatin ƙarami ne ko sabo, mandarin guda ɗaya yana cinye su da saurin da ya fi na haihuwarsu. Makonnin farko komai lafiya. Daga nan sai makiyayar ta ƙare ba tare da kowa ya lura ba, domin abin da ya ƙare ɗin dama ido ba ya ganinsa sai an kafa fitila an tsura. Kifin ba ya daina tsince-tsincensa. Yana ci gaba da sarar dutsen da babu komai a kansa, mai gida kuwa yana kallo yana cewa ai ga shi can yana ci. Launinsa ba ya saurin tona asiri. Sai cikin ya lotsa, naman baya ya zube, kai ya yi wa jiki girma, sannan a fara tambayar ko wata cuta ce. Abin mamaki, ta fuskar cuta mandarin yana cikin masu juriya. Ba shi da ɓawo, fatarsa a lulluɓe take da yauƙi mai kauri irin na tarwaɗa, mai wari da ɗaci, wanda yake kare shi daga ƙwayoyin cutar fata da dama, yake kuma sa manyan kifaye su ƙyamace shi. An yi masa sulke ta ko'ina, ƙofa ɗaya ce rak aka bari, ita ce ta baki, ta nan kuma ɗan Adam yake shigo masa.

Harshenmu yana da wata kalma da ta riga ni yin wannan muhawara, ita ce kiwo. Mukan ce akuya ta tafi kiwo, muna nufin ta tafi neman abincinta da kanta. Mukan kuma ce wane yana kiwon awaki, muna nufin ya ɗauki nauyinsu. Kalma ɗaya ce take ɗauke da aikin dabba da aikin mai ita, kuma ban ɗauki wannan a matsayin haɗuwar banza ba. Kiwo na biyu bashi ne da yake hawa kan mutum gwargwadon abin da ya rage wa dabba na kiwo na farko. Bafulatanin da yake kora shanu daji ya bar musu mafi yawan aikin, nasa shi ne ya san inda ciyawa da ruwa suke. Matar da ta turke rago don Sallah ta karɓe aikin gaba ɗaya, dusa da harawa da kanwa duk sun koma wuyanta, kuma babu wanda zai saurari uzurinta in ragon ya rame. Mai akwatin gilashi ya wuce mai turke, domin shi har ruwan da kifin yake numfashi a ciki, da hasken da yake gane safiya da shi, duk daga hannunsa suke fitowa. Hausawa suna cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma mandarin shaida ne a kan haka: an tsaga masa ɗan ƙaramin baki, an shimfiɗa masa makiyayar da ba ta ƙarewa. Wanda ya ɗauke shi daga wannan makiyaya ya shiga tsakanin bakin da rabonsa ne, da ƙafarsa, ba tare da an gayyace shi ba.

Wannan ma'ana tana nan a cikin hadisin nan sananne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Abin lura a labarin shi ne ba a ce ta doke ta ko ta ƙona ta ba. Laifin da aka ambata mata fuska biyu gare shi: ta tsare kyanwar ba ci ba sha daga hannunta, ta kuma toshe mata hanyar farautar ƙananan halittun ƙasa da kanta. Wato an hukunta ta ne a kan kiwo biyun nan, ta hana na farko, ta ƙi yin na biyu.

Mai kare ma'abocin akwati zai ce, to ai ga bambanci nan a fili. Waccan mata ba ta ba da komai ba, wannan kuwa yana bayarwa kullum, har ma da asarar kuɗi. A nan ne nake ganin gundarin maganar yake, domin bayarwa daban, ciyarwa daban. Bayarwa aiki ne da yake kammaluwa a hannun mai bayarwa. Da zarar abin ya bar yatsunsa ya gama, yana iya juyawa da sanyin zuciya. Ciyarwa ba ta kammaluwa sai a cikin cikin wanda aka ciyar. Saboda haka ma'aunin bayarwa yana wajen mai ita, ma'aunin ciyarwa kuwa yana jikin wani, kuma dole sai an je an duba. Mutumin da yake barbaɗa gari a saman ruwa yana auna kansa da ma'aunin farko, alhali amanar da ya ɗauka da na biyu ake auna ta. Kyakkyawar niyya tana da daraja, ban musa ba. Ita ce take raba shi da azzalumi. Sai dai niyya tana gyara matsayin mai aiki ne, ba ta ƙara ko ƙwaro ɗaya a kan dutse. Kuma akwai wani abu mai ban tsoro a tattare da irin wannan bayarwa, wato tana kwantar da hankali. Wanda ya san bai ba da komai ba zuciyarsa tana iya damunsa har ya tashi. Wanda ya ba da abin da ba a iya ci ya riga ya sayi natsuwa, ba abin da zai sa ya sunkuya ya dubi cikin kifin.

Saura uzurin rashin sani. Gaskiya ne da yawa daga masu sayen mandarin ba su san halinsa ba, kuma wasu masu shaguna ba sa faɗa, tunda kifin da ya mutu bayan wata biyu a gidan wani ba ya komawa kan teburinsu. Mai shagon da ya sani ya yi shiru yana da kaso mai tsoka na alhaki. Amma rashin sani iri biyu ne. Akwai wanda yake faɗo wa mutum, kamar wanda aka bar wa gadon dabbar da bai taɓa gani ba. Akwai kuma wanda mutum yake zaɓa, domin tambaya tana iya hana shi abin da ransa yake so. Bukatar mandarin ba ɓoyayyen ilmi ba ce, tana cikin littattafan koyon wannan sana'a, kuma kusan ita ce magana ta farko da duk wani gwani zai faɗa in an ambaci sunan kifin. Babu kuma wata larura da take tilasta sayensa yau-yau. Ba magani ba ne, ba abinci ba ne. Mutumin da ba abin da yake korarsa, ya ga rai a kasuwa, ya tambayi kuɗinsa bai tambayi abincinsa ba, ya riga ya nuna wanne ne ya dame shi a cikin biyun. Arahar kifin ma tana taimakawa, domin wanda aka kamo daga teku ba ya cikin masu tsada, abin da aka saya da sauƙi kuwa da sauƙi ake maye gurbinsa. A nan ne na ce laifin ya riga mutuwar: yana wurin ciniki.

Za a iya tare ni da cewa duk wannan gini yana kan zaton kifi yana jin wahala, alhali ba a tabbatar ba. Masana sun yi saɓani a kan haka. A 2002 James Rose na Jami'ar Wyoming ya kafa hujja da cewa ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ɗan Adam yake jin zafi da shi a sane, don haka motsinsa martani ne kawai. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Cibiyar Roslin ta Sukotlan suka nuna cewa akwai jijiyoyin gane cutarwa a fuskar wani kifin kogunan ƙasashen sanyi, kuma da aka sa masa abu mai raɗaɗi a leɓe sai ya riƙa goga bakinsa a tsakuwa, ya kuma jinkirta komawa cin abinci. Ni hujjar ɓangare na biyu ta fi gamsar da ni, amma matsayina bai dogara da ita ba. Tun a 1789 Jeremy Bentham ya karkatar da muhawarar haƙƙin dabbobi daga batun hankali da magana zuwa batun jin wahala, kuma ya kyauta. Sai dai ko an bi ma'auninsa, shakka ba ta zama lasisi. Idan na ɗauka kifin yana wahala alhali ba ya yi, abin da na rasa shi ne ado ɗaya a falo. Idan na ɗauka ba ya wahala alhali yana yi, na sa wani rai ya yi makonni yana sarar dutse. Mai hankali ba ya daidaita waɗannan asarori biyu. Bayan haka, ko da an cire batun zafi gaba ɗaya, akwai abin da ake kira lalata abu a banza, kuma halittar da aka ɗauko daga nisan dubban kilomita don ta ruɓe a bayan dutse ta shiga wannan babi. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ba ta jira an gama gardamar masana ba. Ta haɗa da kifayen da suke hannun mutane, ta kuma ɗora wa mai su nauyin samar musu abincin da ya dace da su da muhallin da ya dace da su. Kalmar dacewa ita ce ta fi muhimmanci a wurin.

Wani mai wayo zai ce, to su ƙwarin fa? Kana tausayin rai ɗaya, kana umurni a yi kiwon dubbai don a ba shi ya cinye. Tambayar ba ta raini ba ce. Amsata ita ce cin ƙwaro a wajen mandarin ba mu muka ƙirƙira shi ba, da mu da babu mu haka yake yi. Yunwar bayan gilashi kuwa aikin hannunmu ce tsantsa. Mutum yana amsa tambaya ne a kan abin da ya jawo.

Da wannan, wasu za su ce a haramta ajiye shi kawai a huta. Ban bi su har can ba, ko da yake akwai abin da yake ƙarfafa su a can inda ake kamo shi. Yvonne Sadovy ta Jami'ar Hong Kong da abokan aikinta sun yi nazarin wannan kifi a tsibiran Palau, sun kuma bayyana yadda ake kamunsa a tsakiyar Filifin a wani rubutu na 2001. Masunta sukan yi amfani da ɗan ƙaramin mashi na gora mai allura a baki, su caki kifin a gefen jiki ko wajen wutsiya, tunda yana ɓuya a cikin rassan murjani inda koma ba ta shiga. Sun fi neman manyan maza, domin namiji yana da doguwar ƙaya a fiffiken bayansa, kuma shi kasuwa take so. Su ma matan kifin manyan mazan suke so. Da faɗuwar rana sukan taru a wani wuri da suka saba, mace ta zaɓi namiji, su jera kunci da kunci su tashi sama kamar mita ɗaya daga murjani, su saki ƙwai da maniyyi a lokaci guda, su watse. Ashe idon mai saye a Landan da idon macen kifi a Filifin abu ɗaya suke nema, kuma wanda yake da kuɗi shi yake samu. Ba a sa mandarin a jerin halittun da suke gab da ƙarewa ba, gaskiya ne, amma tsince manyan maza daga wuri guda yana taɓa haihuwar wannan wurin. A ɗaya hannun, masuncin da yake nitso da mashin gora talaka ne mai ciyar da iyali, kuma shi ne mai mafi ƙarancin rabo a cikin kuɗin da ake biya a shagon Turai. Ba shi zan fara tuhuma ba.

Dalilina na ƙin haramci shi ne akwai masu riƙe wannan kifi da gaskiya, yana ƙiba a hannunsu, yana shekaru, har yana yin rawar faɗuwar ranar nan a cikin akwati. Tsarewa ita kaɗai ba zalunci ba ce. Malamai da dama sun kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, a kan halaccin ajiye tsuntsu matuƙar ana ba shi haƙƙinsa. Sharaɗin shi ne abin dubawa, kuma sharaɗin mandarin yana da nauyi. Gwanaye suna ba da shawarar akwati babba, na lita 200 zuwa 300 ko fiye, cike da dutse mai rai, wanda ya yi aƙalla wata shida zuwa shekara yana aiki kafin a sa kifin. Suna haɗa masa wani ƙaramin akwati a gefe ko a ƙasa, mafaka ce da ake shuka ciyawar teku a ciki, inda ƙwarin suke hayayyafa ba mai cin su, ruwa yana kwararo da wasu zuwa babban akwatin. Wasu suna kiwon ƙwarin daban a cikin kwalabe, suna ciyar da su da koren ruwa mai ƙananan tsirrai. Suna guje wa haɗa shi da kifayen da suke cin irin abincinsa da sauri, ba sa kuma haɗa maza biyu, don faɗa suke yi. Suna koya masa cin daskararren abinci da haƙuri, wani lokaci ta hanyar ajiye 'yar kwalba mai ƙaramin baki a ƙasa, wadda shi zai iya shiga manya ba za su iya ba. Hatta killace sabon kifi don gudun cuta, wanda ake yi wa kowane kifi, a wajensa sai an yi dabara, domin akwatin killacewa fanko ne, maganin da ake haɗawa da tagulla kuma yana kashe ƙwarin da yake ci.

Duk wanda ya dubi wannan jerin ɗawainiya zai ga wani abu ya juya. Mutumin ya shigo ne don shuɗi da ruwan lemo, ya ƙare yana makiyayin ƙwarin da ba su da launi ba su da suna a bakin baƙinsa. Yana tashi da dare da tocila yana duba ko suna yawo a jikin gilashi. Yana zama wata shida yana kallon akwatin da babu abin da ya saya shi dominsa. A ganina wannan jira shi ne jarrabawar da take raba son kifi da son mallakar kifi, domin su biyun kamarsu ɗaya a gaban shago. Mai son mallaka yana ganin mandarin kamar zane ne da za a ciro daga bango a kai wani bango. Mai son kifin ya gane cewa shuɗin da ya burge shi ƙarshen wata doguwar sarƙa ce, wadda ta faro daga haske zuwa ƙananan tsirrai, zuwa ƙwaro, zuwa baki, kuma ba a ɗaukar ƙarshen sarƙa a bar sauranta. Ina zaton da yawa daga cikinmu, in aka gaya mana gaskiyar farashin abubuwan da muke sha'awa, za mu tarar sha'awar ba ta kai can ba. Ba abin kunya ba ne mutum ya gano haka ya fasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

An sami wani sauƙi a 'yan shekarun nan. A 2010 kamfanin ORA na jihar Florida ya fara sayar da mandarin da aka ƙyanƙyashe a hannu, daga baya kamfanin Biota mai gonar kifi a Palau ya bi sahu. Waɗannan sun tashi da abincin da ɗan Adam yake haɗawa, ba a cake su da allura ba, ba a kuma rage wa wani murjani mazansa ba. Sun fi tsada nesa, kuma ina ganin tsadar alheri ce, tunda tana tilasta tunani. Duk wanda ya ƙudura sai ya ajiye wannan kifi, wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da adalci. Amma kada a ɗauka an sauya masa halitta. Bakin yana nan ƙarami, cin yana nan kaɗan-kaɗan, yana nan yana wuni yana duba dutse, kuma zuba abinci sau ɗaya kafin a fita aiki ba ya isarsa. An rage bashin ne, ba a yafe shi ba.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake cewa a ransa, mutane suna kwana da yunwa, wannan kuma ya zauna yana kukan kifin masu kuɗi. Da na so, da na amsa masa da cewa ai kifin misali ne, in jero masa marayun da ake riƙo da taimakon da ake kai wa mabukata ba tare da an tambaye su abin da suke bukata ba. Kamannin suna nan, mai karatu zai iya ganinsu ba sai na nuna ba. Amma ba na son in mayar da mandarin misali kawai, domin yin haka wata hanya ce ta sake ɗaukarsa a matsayin ado, a wannan karon adon magana. Haƙƙinsa nasa ne ko da bai koya mana komai game da mutane ba. Ƙanƙantarsa ma ita ce ta sa tambayar ta fito tsirara: ba ya kuka, ba ya cizo, ba dangin da za su biyo bahasi, mutuwarsa ba ta jawo wa kowa asarar da ta wuce kuɗin cefane. Babu abin da ya rage da zai sa a kyautata masa sai amanar ita kanta.

Akwai kuma wata fuska da mai akwati ya fi matar kyanwa shiga tsaka mai wuya. Ita tana da ƙofa biyu, ta ciyar ko ta saki. Shi ƙofa ɗaya gare shi. Mutumin da yake zaune a Berlin ko Chicago ba shi da tekun da zai mayar da kifin, wanda yake bakin teku mai ɗumi kuma bai halatta ya saka shi ba. An ga abin da irin wannan saki ya haifar da kifin nan mai ƙayoyin dafi da Turawa suke kira da sunan zaki, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, wanda aka fara gani a gaɓar Florida a 1985, ake kuma kyautata zaton daga akwatunan gida ya fito; yau ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin. Saboda haka wanda ya riga ya saya, ya kuma ga cikin kifinsa ya fara lotsawa, ba shi da damar wanke hannu da sunan 'yantarwa. Ko dai ya sayi ƙwari masu rai a kwalba ya riƙa zubawa, ya kashe famfon ruwa lokacin ciyarwa don abincin ya zauna a ƙasa, ya fitar da kifayen da suke rige shi, ya fara gina mafakar da ya kamata a ce ya gina tun bara; ko kuwa ya nemi wani mai tsohon akwati wadatacce, ya sa kifin a leda, ya kai masa kyauta tun yana da sauran ƙarfin tsinta.